Tsagar da Ya Ari Ya Gani

Hannuna na hagu ya karye a wuri biyu. Muhsinu, ɗan kawuna, yana kwance a babban asibitin Diffa da ɗinki daga goshi zuwa bayan kunne. Ya Ari, yayan mijina, yana hannun jandarma. Duk wannan ya faru ranar Talata da hantsi, ranar kasuwa, tsakanin gidanmu na Diffa Kura da layin masu tattasai. Mutumin da zai iya kashe maganar da bakinsa, mijina Nuruddeen, yana ɗakin maza na wannan asibitin da nake ciki, fuskarsa tana kallon bango.

Da hannu ɗaya nake rubuta muku, a salular maƙwabciyata Madam Esther, don tawa ta farfashe. In kun ga kuskure ku yi haƙuri.

Masu bin labarin nan sun san shekara shida ke nan da aurenmu babu haihuwa. Sun san sunan da ake kirana da shi a gidan surukata, Ya Fanna: juya. Abin da ban taɓa rubutawa ba shi ne dalilin tafiyarmu Kano. Na ce muku biki ne. Babu wani biki. Sunayen da kuke karantawa a nan ba namu ba ne na gaskiya, shi ya sa zan iya faɗa muku abin da ba zan iya faɗa a tsakar gida ba.

Matsalar ba tawa ba ce. An auna ni a Damagaram, an auna ni a Yamai, lafiyata ƙalau. Da ƙyar Nuru ya yarda aka auna shi, kuma sakamakon ya fito iri ɗaya har sau biyu: ruwan yana zuwa, babu iri a cikinsa ko ɗaya. Hangum ya kama shi yana saurayi, ya sauka ƙasa, gefen hagu ya shanye ya zama ƙarami. Bai taɓa gaya wa kowa ba. Ranar da muka dawo da labarin, ya rufe ɗaki, ya sauko da Alƙur'ani daga kan sif, ya ce in yi alwala.

"Ki dafa, Nafisa. Ko Iya, ko Innarki, ko kowa. Sai dai in ni na faɗa da bakina."

Na dafa. Lokacin ban ga abin tsoro a ciki ba.

A wani asibiti mai zaman kansa a Kano, likita ya zaunar da mu ya yi bayani kamar mai koyar da yara. Ya ce rashin iri a ruwa ba ya nufin babu shi a wurin da jiki ke yin sa. Za su yi masa allurar barci, su tsaga fatar maraina, su duba da madubi mai ƙara girman abu, su ɗebo tsoka ƴar mitsitsiya kamar ƙwayar gero. In sun sami iri ko kaɗan ne, za su ɗauki ɗaya su sa shi da allura cikin ƙwan da suka ciro daga jikina, in ya kama su mayar mini a mahaifa. Ya ce wasu mazan ana tsagawa ba a samun komai, kuma ba zai yi mana alkawari ba.

"Babu abin da za ku cire mini?" Nuru ya tambaya. Sau uku ya yi wannan tambayar.

"Abin da ka zo da shi, da shi za ka koma," in ji likitan.

Kafin mu yarda sai da Nuru ya sami wani malami a can, inda babu wanda ya san shi, ya tambaya. Malamin ya ce in irin na miji ne, ƙwan na matarsa ne, kuma aure yana nan, babu laifi.

An samu. Na tuna ma'aikaciyar da ta leƙo ta ce mini, "Hajiya, sun ga masu motsi." Nuru yana kwance bai gama farfaɗowa ba, yana kiran sunan wani injin ban ruwa da ya lalace masa a gona. Aka mayar mini da ƙwai biyu. Aka ce masa ya huta, kada ya ɗaga kaya mai nauyi, kada ruwa mai datti ya taɓa wurin har ya warke. Duk takardar da aka ba mu ya bar ta a Kano. Ya ce takarda tana da ƙafa a gidanmu.

Da gwaji ya nuna ina da ciki, ya yi sujada a kan ledar ɗaki. Ya tashi ya sa farar shaddarsa mai aikin wuya, ya fesa turare, ya tafi wurin Ya Fanna. Ya gaya mata rabin labarin, rabin da yake da daɗin faɗa. Washegari ta aiko mini da burabusko da miyar busasshen kifi, da kwalbar humra, da lafaya ruwan toka mai bakin zare. Tun da na shigo gidan nan ban taɓa cin abinci daga hannunta ba sai ranar.

Innata kuwa ba ta yi murna kamar yadda na zata ba. Ita shekara biyu ke nan tana so in fito. Tana cewa gidan da ake zagin ɗiyarta ba gida ba ne, ga Muhsinu yana jira. Muhsinu ya neme ni kafin Nuru. Yana saye da sayar da tattasai tsakanin Diffa da Kano, bai yi aure ba har yau. Na taɓa toshe lambarsa, Inna ta yi mako ba ta amsa gaisuwata, ta ce na yanke zumunci. Na buɗe. Ba ya rubutu, murya yake aikowa. Yakan ce ya ji ni ina karanta labaran ƙarfe ɗaya a rediyo, muryata ta yi sanyi, ko ba a ba ni abinci ne? Sau ɗaya na amsa masa: "Ni matar aure ce, Ya Muhsinu. Ka bari." Sauran na bar su a salula ban goge ba. Ina ganin in wata rana an tambaye ni, ga shaida cewa shi ke magana, ni na yi shiru.

Nuru bai huta ba. Lokacin tsinkar tattasai ne, gonarsu tana bakin Komadugu, gaba da Assaga, kuma sojoji ba sa barin mutane su daɗe a can, sai a yi aikin yini cikin rabin yini. In ya zauna a gida za a tambaye shi me ya same shi. Ya tafi. Ya ɗauki buhu. Da injin ban ruwa ya toshe ya shiga ramin har ƙugu. Wurin da ya fara haɗewa ya sake buɗewa, ya kumbura, ya fara ruwa. Na roƙe shi ya bari Madam Esther ta duba, tunda ungozoma ce a asibiti kuma ba ta da surutu.

"Mace? Maƙwabciya? Ki jiƙa mini gishiri kawai."

Ranar Talata ya fita da zazzaɓi. Abin da ya faru a gona, daga bakin masu tsinka na ji shi daga baya. Ya ɗaga buhu ya faɗi a kan shanyar tattasai, wandonsa ya jiƙe da jini da ruwa. Ya Ari yana wurin.

Ya Ari ba manomi ba ne. A Fulatari yake zaune da shanun gidansu, yana zuwa ne kawai lokacin kaka ya taya aiki. A can shi ake kira in za a fiɗiye bijimi ko rago. Yana da wuƙarsa ta wannan aikin, ƙarama, a ɗaure a damtse. Shi ya goyi Nuru bayan rasuwar mahaifinsu, har yau "yaron nan" yake ce masa. Ya kori mata, ya sa maza suka yi labule da zane, ya zare wandon ƙanensa don ya ga inda jinin ke fitowa.

Ya ga tsaga madaidaiciya, da bakin zare, da gefe ɗaya ƙarami kamar babu komai a ciki. Masu tsinka sun ce bai yi ihu ba. Ya daɗe a tsugune. Sannan ya mayar da wandon, ya sa aka ɗora Nuru a motar tattasai aka nufi asibiti, shi kuma ya sauka a gudron, bakin kwalta, ya nufo gidanmu.

Ina tsakar gida ina tsince shinkafa a faranti, sanye da lafayar da Ya Fanna ta ba ni. Ya shigo babu sallama, ya mayar da ƙofa ya sa sakata. Rawaninsa ya warware gefe ɗaya. Sandar kiwo tana hannunsa.

"Ya Ari, sannu da zuwa. Ina Nuru?"

"Nawa suka ba ki?"

"Su wa?"

"Ke ƴar rediyo, kada ki karanta mini labarai. Kun ce biki za ku Kano. Bikin wa? Wace unguwa? Me aka dafa?"

Na ajiye farantin.

"Na ga yaron nan," ya ce. "Da idona. Tun ban yi gemu ba nake wannan aiki. Na san tsagar da aka yi don a warkar, na san wadda aka yi don a cire. An cire masa ɗaya. An sa shi barci kamar rago an cire. Ana faɗa a kasuwa cewa akwai masu sayen kayan maza a birni, ina cewa ƙarya ce."

"Ba a cire masa komai ba. Wallahi."

"To me aka yi?"

Amsar tana bakina, gajeriya ce. Na tuna hannuna a kan fatar Alƙur'ani. Na ce, "Ka tambaye shi."

Sandar farko a kafaɗa ta same ni. Ta biyu ya nufi ƙasa, na ga inda za ta sauka, na kare cikina da hannun hagu. Na ji ƙarar kafin in ji zafin, kamar an taka busasshen kara. Na faɗi kan farantin, shinkafa ta watse. Na naɗe jikina na juya masa baya. Duk dukan da ya biyo baya a baya da cinya ya sauka. Ban ƙirga ba.

"An fiɗiye mini ƙane, ke kuma kin dawo da ciki! Shekara shida ba ki yi ko ɓari ba, sai da aka yanke shi? Na wa ne?"

Salulata tana kan tabarma. Ya ɗauka, ya ga a kulle, ya kamo hannuna na dama ya danna yatsana a kanta da ƙarfi har ta buɗe. Ya Ari bai yi lakwal ba, ba ya karanta boko, amma ya san hoton Muhsinu kuma ya san inda ake taɓawa murya ta fito. Ya taɓa saƙon ƙarshe. Muryar ta cika tsakar gida.

"Nafisa, Inna ta gaya mini. Barka. Na gan ki a Kano ranar nan, kina fitowa daga asibitin nan mai koren get, da baƙar abaya. Ban gaya wa kowa ba, kuma ba zan gaya ba. Sirrinki yana wurina."

Muhsinu ya hange mu ne daga mota, ya ɗauka ni ake yi wa magani. Wannan shi ne iyakar sirrin da yake riƙe da shi. Ya Ari ya sake kunnawa. Sannan ya ajiye salular a kan turmi ya sa gindin sanda.

Madam Esther ce ta haura katanga. Ta dawo daga aiki ke nan, da farar rigarta da silifas, mace mai jiki da ta haura hamsin. Ta taka tukunyar ruwa ta diro, ta zo ta tsaya a kaina.

"Ari! Ka buge ni in kai namiji ne. Buge ni, in ga wanda zai karɓi haihuwar matarka bana!"

"Madam, ba ruwanki, maganar gida ce."

"Gida? Wannan mayanka ce. Fita!"

Ya fita, amma ba don ita ba. Ya riga ya san inda za shi.

Layin masu tattasai ranar Talata ba ya da wurin sa ƙafa. Muhsinu yana kan buhuna yana ciniki da wasu ƴan Damagaram. Ya Ari bai yi masa magana ba. Ya ɗaga murya ya ce wa kasuwa, "Ga wanda ya sayar da mazakutar ƙanena a Kano!" Wanda ya zauna a garuruwan nan ya san abin da wannan kalma take yi a kasuwa. Ba a tambayar shaida. Masu dako suka ajiye kaya. Wani ya jawo Muhsinu ƙasa, wani ya ɗauko ƙarfen sikeli, wani ya zazzage masa garin tattasai a fuska. An ce har an fara neman taya da fetur lokacin da motar jandarma ta shigo. Sai da suka harba sama.

Ya rayu. Likita ya ce idonsa na dama sai an jira a gani.

A asibiti aka sa mini filasta daga yatsu zuwa gwiwar hannu. Na ga jini kaɗan a zanena. Madam Esther ta tura ni ɗakin hoton ciki da kanta, ta shafa mini man nan mai sanyi, ta yi ta juya abin tana kallon allo. Sannan ta ƙara sauti.

"Kin ji? Ɗaya ne, amma yana nan. Ɗan banza mai taurin kai, kamar dangin ubansa."

Ta dube ni ta saman gilashinta.

"Ɗiyata, na shiga na ga mijinki, ni na taya aka wanke wurin. Na san wannan aikin, na san abin da ake yin sa dominsa. Ba sai kin ce komai ba. Ni ma ba ni da ikon cewa, sirrin majiyyaci ne. Likitanmu ya gaya wa Ari a gaban jandarma cewa komai yana nan, ba a cire ba. Kin san me ya ce? Ya ce likitoci bakinsu ɗaya, su ne masu sayen."

Na roƙe ta ta naɗi bugun zuciyar a salularta. Na tura wa Nuru, ban haɗa da ko kalma ɗaya ba.

Inna ta zo da la'asar. Ta fara zuwa wurin Muhsinu, don ɗan ƙanenta ne, sannan ta zo wurina da mayafi a karkace. Ba ta zauna ba.

"Gaya mini gaskiya, Nafisa. Me kuka je yi Kano?"

"Inna, ba zan iya ba."

"An kusa ƙona ɗan mutane saboda ke, kina ce mini ba za ki iya ba? In cikin nan na Muhsinu ne ki faɗa, in san inda zan sa fuskata."

Uwata ce ta yi wannan tambayar. Na juya kai.

Ya Fanna ta zo ranar Laraba da safe. Ta tsaya a bakin gado, ta dubi lafayar da ta ba ni, wadda aka naɗe a kan kujera da jini da ƙasa. Ta ce da Hausarta mai nauyin Barebari, "Ɗana ɗaya a kurkuku, ɗaya a gado. Ke kin shigo mana da wuta." Ta ce ranar Juma'a bayan an sauko masallaci dattawan gida za su zauna, za a kawo Alƙur'ani, in dafa in faɗi wanda ya yanke ɗanta da wanda ya yi mini ciki. Na ce mata cikin na Nuruddeen ne, wannan zan dafa a kansa ko yanzu.

"Da me ya yi shi?" ta ce.

Littafin da za su miƙo mini shi ne wanda na riga na dafa a ɗakinmu.

Ajidan Gédéon, jami'in jandarma, shi ke riƙe da maganar. Mutumin Dosso ne, mai magana a hankali. Ya zauna a kujerar roba ya cire hula ya bayyana mini yadda abin yake. Ari ya yi duka, ya tayar da kasuwa, wannan babu gardama. Amma Ari ma ya kai ƙara: ya ce an yi wa ƙanensa aiki ba da saninsa ba, kuma ni da Muhsinu muka shirya. Asibitin Kano ba za su yi magana da kowa ba sai da izinin majiyyaci.

"Madam, tambaya ɗaya ce. In mijinki ya ce da saninsa aka yi, kuma ya faɗi dalili, ke da ɗan'uwanki kun fita, yayansa ya tafi gaban alƙali. In ya ce bai sani ba, dole in buɗe bincike a kanki. Ke ba za ki taimake ni ba?"

"Ka tambaye shi, ranka ya daɗe."

"Na tambaye shi."

"Me ya ce?"

Ajidan ya juya hularsa a hannu.

"Ya ce in bari zazzaɓi ya sauka."

Tsakanina da ɗakin maza baranda ɗaya ce da bishiyar dogon yaro. Jiya na sa Madam Esther ta riƙe ni na taka har bakin tagarsa. Yana kwance da rigar asibiti, ruwa yana shiga hannunsa, farar shaddar nan da wani ya kawo masa tana rataye a ƙusa. Na ce, "Nuru." Kafaɗarsa ta motsa. Na ce, "Ba na neman ka zaɓa tsakanina da Ya Ari. Ka sake ni daga rantsuwar kawai, ni zan faɗa, kai ka yi shiru." Mutumin gadon kusa da shi ya tashi zaune yana kallonmu. Nuru ya ja zane ya rufe kansa.

Na san abin da yake gani a ƙarƙashin zanen. Yana ganin majalisar ƙofar gidansu, da masu dako, da ƴan tsinka, kowa ya san shekara shida matarsa tana shan zagi a madadinsa. Yana ganin mutumin da ya goye shi a kulle a bayan kantar jandarma. Na fahimta. Hannuna dai a karye yake.

Yau Alhamis. Saƙon bugun zuciyar da na tura masa ya nuna an saurara, alamar ta koma shuɗiya tun daren Talata. Zazzaɓin ya sauka jiya da la'asar, Madam Esther ce ta auna da kanta. Ajidan ya bar lambarsa a kan teburin gefen gadonsa, kusa da kofin shayi. Har zuwa yanzu da ake kiran azahar, Nuruddeen bai kira ba.